Kantin littattafan Konkani a Margao: baki ɗaya, kanta uku

Masu shirin zuwa karatu jihar Goa ta ƙasar Indiya sukan tambaye ni ko dole sai sun koyi Hindi. Abin da nake ce musu shi ne Turanci zai fisshe ka a jami'a, Hindi zai fisshe ka a tashar mota, amma harshen gida a nan Konkani ne, kuma ran da ka ce wa mai kifi "Dev borem korum", wato na gode, bayan ta ba ka canji, ranar za ka ga haƙoranta. Sai dai samun littafin harshen ba ƙaramin aiki ba ne. Manyan kantunan da na fara leƙawa a Panaji, babban birnin jihar, na Turanci ne maƙil a ciki, na Konkani kuwa sai ka durƙusa ka laluba ƙasan kanta. Wani abokin karatuna ne ya yi mini kwatancen wani kanti a garin Margao da ke kudancin jihar, tun daga nan na zama ɗan gida. Sunan kantin na bar shi a cikina, domin akwai abubuwan da zan kushe, kuma mai shi dattijo ne da nake jin nauyinsa. Wanda ya isa Margao ya tambayi inda ake sayar da littattafan Konkani ba zai ɓata ba.

Daga Panaji motar Kadamba za ka hau, wato bas ɗin gwamnatin jihar. Tafiyar kilomita 30 da 'yan kai ce, ana ƙetare kogin Zuari, in babu cunkoso awa ɗaya ta isa. Daga tasha ka tari ɗan acaɓa, wanda su suke ce wa "pilot", ya sauke ka wajen lambun da ke gaban ofishin hukumar gari, sauran da ƙafa ne. Kada ka yi gangancin zuwa tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 4 na rana. Mutanen Goa ba sa wasa da ƙailula, ƙofa a garƙame za ka tarar.

Ɗaki ne guda dogo a ƙasan wani tsohon bene mai jan rufi, da fanka ɗaya tana juyawa a kasalance. Mai kantin yana zaune bayan tebur, tabarau a karan hanci. Kowa Bab yake ce masa, ni ma na bi sahu. 'Yarsa ce ke riƙe da lissafi.

Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne jerin littattafan. Ba a ware su bisa fanni ba, a ce ga na labari, ga na waƙe, ga na yara. Bisa haruffa aka ware su. Bangon hagu gaba ɗaya na Nagari ne, haruffan da ake rubuta Hindi da Marathi da su, masu layi a sama kamar an shanya kaya a igiya. Bangon dama na Romi ne, haruffan Turawa irin namu na boko. Can ƙurya kusa da ƙofar baya akwai kanta ɗaya tak ta haruffan Kannada, waɗanda masu Konkani na Mangaluru da Udupi a jihar Karnataka suke rubutu da su. Na tambayi Bab na haruffan Malayalam, irin na 'yan uwansu da ke Kochi a Kerala, da na haruffan Larabci irin na Musulmin Bhatkal. Ya ɗaga hannu ya ce waɗannan sai in je can da ƙafata. Harshe guda ke nan, masu shi a ƙidayar 2011 kimanin miliyan 2.26, wato ko mutanen birnin Kano sun fi su yawa, amma ana rubuta shi da haruffa iri 5.

In ka samu kujerar katakon nan guda ɗaya da ke kantin ka zauna, za ka ga yadda abin yake aiki. Mai saye yana shigowa ko ya karya hagu ko ya karya dama, ba ya ko waiwaye. Masu hagu yawanci ɗalibai ne da malaman makaranta da masu neman aikin gwamnati. Masu dama yawanci dattawa ne 'yan Katolika, da waɗanda suka zo hutu daga Kuwait ko Dubai ko Ingila suna haɗa tsarabar komawa. Na ce masa, "Bab, me ya sa ba za ka gauraya su ba, littafin waƙe ya zauna kusa da ɗan uwansa?" Ya ce ya taɓa gwadawa, sai mutane suka riƙa ɗaukar littafi suna ajiyewa da tsaki, wasu ma suka ɗauka ya daina kawo nasu. Shi ɗan kasuwa ne, ya mayar da su yadda suke.

Bangon hagu ya fi kyan gani, wannan babu musu. Takarda mai kauri, bango mai sheƙi, ɗinki mai ƙarfi. Nan ne littattafan makaranta suke, da waɗanda Goa Konkani Akademi ta gwamnati take bugawa, da ayyukan marubutan da suka ci manyan kyaututtuka. Sau biyu Konkani ta ɗauko Jnanpith, kyautar adabi mafi girma a Indiya, ta hannun Ravindra Kelekar da kuma Damodar Mauzo, kuma dukansu a wannan bangon za ka same su. Sabon littafin labari mai matsakaicin kauri nakan biya rupi 200 zuwa 300, wanda ba tsada ba ne in ka duba aikin.

Bangon dama kuwa ƙananan littattafai ne, takarda shara-shara, wasu da ƙusar ƙarfe biyu aka haɗa su. Littattafan addu'a da waƙoƙin coci, rubutattun wasannin kwaikwayon da ake kira tiatr, labaran soyayya da na ban tausayi waɗanda suke kira romans, sai mujallu. A nan nake saya wa uwar ɗakina, tsohuwar da nake haya a gidanta, jaridar mako ta Vauraddeancho Ixtt, wadda aka fara a 1933, limaman Katolika na Pilar kuma suke fitar da ita. In na dawo babu ita, ranar shayina ba ya samun madara. Bab ya ce mini wannan bangon ne yake biyan kuɗin wuta a watannin da ba a shiga sabon zangon makaranta ba. Na yarda da shi, domin na gani da idona: tarin mujallar da na tarar da safe kan ragu sosai kafin la'asar, alhali manyan littattafan hagu suna nan inda suke.

Bayan teburinsa akwai wata 'yar kabad ta gilashi da yake kullewa, a ciki yake ajiye sababbin bugu na tsofaffin littattafai. Ka nuna kana so ya buɗe, to ka shirya sauraro, domin daga nan yake ɗauko tarihin rigimar, kuma wannan sauraron shi ne abu mafi daraja da kantin yake bayarwa kyauta. Turawan Fotugal sun kama Goa a 1510. A 1556 injin buga littafi ya sauka a garin, na farko a Indiya. Wani limami ɗan Ingila, Thomas Stephens, ya koyi harshen ya rubuta littafin koyar da addini da aka buga a 1622, da nahawun da aka buga a 1640, duka da haruffan Turawa. Saboda haka masu Romi suke bugun ƙirji cewa Konkani ta fara shiga injin bugu ne da haruffansu, shekara kusan 400 ke nan. Amma Turawan da suka buga ta su ne kuma suka danne ta: a 1684 gwamnansu ya kafa dokar da ta tilasta wa mutane komawa harshen Fotugal. Matsin addini, da yaƙe-yaƙe, da yunwa, suka kori jama'a da yawa kudu, Hindu da Kirista, kowa ya ɗauki haruffan inda ya sauka. Asalin kantar Kannada da ke ƙurya ke nan. Su kuma Hindun da suka rage a Goa, da Konkani suke magana a gida amma da Marathi suke karatu da ibada, har ya zamana masu ilimi da yawa suna cewa Konkani ba harshe ba ne, karin harshen Marathi ne kawai.

Wanda ya tsaya ya ƙaryata wannan shi ne Shenoi Goembab, wanda hotonsa ke rataye a saman kabad ɗin. An haife shi a 1877, ya rasu ranar 9 ga Afrilu 1946, kuma ranar ce yanzu ake bikin Konkani na duniya. A 1939, shekarar da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, masu kishin harshen suka yi babban taronsu na farko a Karwar, suka tsayar da Nagari a matsayin haruffan da za a haɗu a kai. Indiya ta karɓe Goa daga Fotugal a Disamba 1961. A ranar 16 ga Janairu 1967 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi kan ko a haɗe Goa da jihar Maharashtra ta masu Marathi, kimanin kashi 54 cikin 100 suka ce a'a. A 1975 Sahitya Akademi, hukumar adabi ta ƙasa, ta amince cewa Konkani harshe ne mai zaman kansa. A ƙarshen 1986 aka fito titi neman a mai da shi harshen hukuma, aka rasa rayuka, na farkonsu wani saurayi Floriano Vaz. Ranar 4 ga Fabrairu 1987 majalisa ta zartar da dokar, ranar 30 ga Mayu Goa ta zama jiha, a 1992 kuma harshen ya shiga jerin harsunan da tsarin mulkin Indiya ya lissafa.

Har zuwa nan kowa a kantin yana gyaɗa kai. Inda ake rabuwa shi ne wani layi guda a dokar 1987, wanda ya fassara Konkani da cewa shi ne Konkani da aka rubuta da Nagari. Dokar ta kuma bar wa Marathi ƙofa a harkokin hukuma. Romi ko ambatonsa ba a yi ba.

Akwai wasu dattawa biyu da kusan kullum da yamma suke haɗuwa a kantin, ɗaya tsohon malamin sakandare, ɗaya tsohon ma'aikacin jirgin ruwa mai rubuta waƙoƙin tiatr. Shayi ɗaya suke sha, amma a kan layin nan ba su taɓa shiryawa ba, kuma daga bakinsu na fahimci rigimar fiye da yadda na fahimce ta a takarda. Mai jirgin ruwa cewa yake su ne suka cika titi a 1986, mutanen ƙauyukan Salcete, yankin da Margao take, su ne suka sha duka da harsashi, da aka zo rabon ganima sai aka ce rubutunsu ba rubutu ba ne. Ya ce jikarsa ta iya Konkani tun tana goye, amma in za ta nemi aikin gwamnati da Nagari za a gwada ta, in shi ya rubuta littafi komai kyansa Sahitya Akademi ba za ta dube shi ba sai an juya shi zuwa Nagari. Ya ƙara da abin da ya fi yi masa ciwo: ba haruffa kaɗai aka zaɓa ba, har da kari. Konkanin littafin makaranta na yankin Antruz ne, wajen Ponda, wanda ya fi kusa da bakin manyan gidajen Hindu, alhali shi Saxtti yake yi, karin Salcete, wasu kuma Bardezi, karin yankin Bardez. Yaro ya je makaranta a ce masa maganar kakarsa kuskure ce.

Malam kuma ba ya ɗaga murya. Cewa yake a tuna da wa ake kokawa a lokacin. Masu Marathi suna da yawa a majalisa, hujjarsu kullum ita ce harshen da bai tsayar da haruffansa ba bai isa a kira shi harshe ba, saboda haka dole aka fito da murya ɗaya. Ya ce Nagari ya fi ɗaukar sautukan harshen ba tare da dabaru ba. Ya ce tun farkon shekarun 1990 makarantun firamare na coci da kansu suka koma koyarwa da Konkani na Nagari domin samun tallafin gwamnati, don haka akwai 'yan Katolika da yawa yanzu da suka tashi da shi, har suna rubutu da shi. Babban tsoronsa kuwa shi ne in aka buɗe dokar nan domin a saka Romi, masu Marathi suna bakin ƙofa, za su ce a ba nasu cikakken matsayi daidai da Konkani, a koma gidan jiya. Duk lokacin da ya so ya tsokani abokinsa sai ya tuna masa cewa cibiyar masu Romi, Dalgado Konknni Akademi, sunan limamin da ya wallafa ƙamus a 1893 take ɗauke da shi, kuma shi limamin da Nagari ya jera kalmomin ƙamus ɗin nasa. Mai jirgin ruwa sai ya ce to ai shi ma Malam saƙon waya da Romi yake turo masa. Wannan kuma gaskiya ne, na gani.

Bahaushe ba zai ji wannan ba tare da ya tuna boko da ajami ba. Mu ma boko ne ya ɗauki ofis da makaranta, ajami ya tsaya a zaure da hannun malamai, kuma mun ga hayaniyar da aka yi da aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007. Amma akwai bambanci babba. A wurinmu sau da yawa mutum ɗaya ne yake ɗauke da duka biyun, ya yi allo da asuba ya tafi boko da hantsi. A Goa haruffa suna bin gidan da aka haife ka da wurin ibadarka, shi ya sa maganar haruffa ba ta daɗewa sai ta zama maganar su wane ne 'yan gida na ainihi.

Kantin yana da wata hidima ta biyu: a ɗakin sama ana zaman karatu sau ɗaya a wata, ranar Asabar da yamma, shiga kyauta. A nan ne zan fara kuka. An sa ƙarfe 5, ba a fara ba sai da magariba ta kawo jiki. Aka kunna fitilar tagulla, aka yafa wa babban baƙo mayafi aka miƙa masa furanni, mai gabatarwa ya karanto tarihin baƙon tun daga firamare, wani ya tashi ya gode wa wanda ya gabatar, sannan aka zo kan waƙa. Mawaƙa kuma kowa da takardarsa a hannu yana jiran layinsa, ba ya sauraron na gabansa. Da na ƙirga da ido, kusan duk wanda ke ɗakin marubuci ne ko matar marubuci. Mai karatu zalla, wanda ya zo don ya ji, da wuya ka nuna biyar. Abokin karatuna ya ce haka manyan tarukan adabin suke, sai dai a can akwai minista da abincin rana, kuma a ƙarshe a karanta ƙudurori a tafa a watse. Nasu na Nagari daban, na Romi daban, na Mangaluru daban, kowane da kyaututtukansa.

An sha gaya mini cewa da zarar an buɗe baki rigimar haruffa ta ƙare, tunda kunne ba ya ganin rubutu. A ɗakin saman nan na gane ba haka ba ne. Ko ni da nake baƙo, kafin mawaƙi ya kai baiti na uku na san daga wane bango ya fito. Wannan kalmominsa na aro daga Fotugal ne, wancan daga Sanskrit yake ɗebowa, lafazin ma daban. Duk da haka, zaman yana da amfanin da ban gani a wani wuri ba: shi ne kaɗai inda na ga wata yarinya mai rubuta Nagari ta karanta gajeren labari kan mahaifinta mai gasa burodi, mai jirgin ruwa ya tashi ya je ya ce ta ba shi kofi, ta ce ai ba zai iya karantawa ba, ya ce jikarsa za ta karanta masa. Saboda irin wannan nake komawa, ba don shayi da samosar da ake rabawa ba, wanda shi ma kan ƙare kafin ya iso layin baya.

Wanda yake son ganin inda masu harshen suke taruwa da kuɗinsu, ya bar ɗakin sama ya je zauren wasanni na Ravindra Bhavan ya kalli tiatr. Wasan kwaikwayo ne da aka fara a Bombay a 1892, ana yanka shi kashi-kashi, tsakanin kowane kashi mawaƙa su fito su caccaki 'yan siyasa da masu sayar da filayen gado. Zaure cike, tikiti da kuɗi, kuma duk rubutun wasan da Romi ake yin sa. A ɗaya ɓangaren, jaridar kullum ta Sunaparant mai Nagari, wadda aka fara a 1987, ta rufe a 2015, kafin Bhaangar Bhuin ta fito ta maye gurbin. A 2011 iyaye, yawancinsu masu Konkani a gida, suka fito neman gwamnati ta tallafa wa firamaren Turanci. Yaran da suke shigowa kantin da iyayensu, da Turanci suke cewa a saya musu abu. Malam da mai jirgin ruwa duk sun san wannan, in aka kawo maganar sai su yi shiru tare.

In an tambaye ni, kuma ba a tambaye ni ba, ni baƙo ne, ban ga abin da Nagari zai rasa ba in aka ce littafin Romi ko na Kannada zai iya shiga gasar ƙasa, ko tsohuwa ta rubuta wa ofis takarda da haruffan da ta iya a amsa mata. Tsoron Malam game da Marathi ba na banza ba ne, amma ba a kan uwar ɗakina ya kamata a sauke shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma ya fi wannan sauƙi. Juya rubutu daga wasu haruffa zuwa wasu yanzu aikin kwamfuta ne. Cibiyar Konkani ta duniya da ke Mangaluru ta fitar da manhajar Konkanverter domin haka, Wikipedia ta Konkani tana tafiya da Nagari da Romi da Kannada a wuri ɗaya. Amma a duk kantin nan, littattafan da aka buga da haruffa biyu, shafi yana kallon shafi, ba su cika tafin hannu ba. Wannan ba laifin Bab ba ne shi kaɗai, abin da mawallafa suka kawo yake sayarwa. Sai dai ko waɗannan 'yan kaɗan ɗin ya rasa bangon da zai sa su, suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur, sai ka tambaya.

Sauran aibobin kantin na yau da kullum ne. Daminar Goa daga Yuni zuwa Satumba ba ta da tausayi, kuma ginin yana shan danshi. Duk littafin da za ka saya daga kantar ƙasa, ka buɗe tsakiyarsa ka shinshina, ka duba ko shafuka sun manne ko ƙwari sun yi masa huda. Na taɓa kai wani gida na tarar shafuka kusan goma sun zama guda. Ya canza mini ba gardama, amma sai da na sake biyan kuɗin mota. Babu jerin sunayen littattafai a rubuce, komai a kan Bab yake, ran da ya je asibiti 'yarsa sai dai ta ce ka dawo gobe. Tsofaffin littattafai ba su da farashi a jiki, sai ya ɗaga ya juya ya dube ka sannan ya faɗa, ko da yake ban taɓa jin ya cuce ni ba. Ba sa aikawa ƙasar waje. Biyan kuɗi ko ta manhajar waya ta bankunan Indiya ko tsaba, katin bankinmu na gida ba shi da aiki a nan. Kantar Kannada kuwa sunanta kawai kanta: ƙura, da tsofaffin kofen Raknno, jaridar mako ta 'yan Katolikan Mangaluru da ake bugawa tun 1938, wasu sun shekara a wurin. Da na nemi wani littafi daga can ya yi mini oda, ya ɗauki lokaci har na fid da rai, sai ga kiransa wata safiya cewa ya iso, kuma bai ƙara mini ko rupi ɗaya a kan kuɗin bango ba.

Ga mai koyo daga tushe, gaskiya kayan sun yi ƙaranci. Littattafan yara na hagu an rubuta su ne domin yaron da ya riga ya iya magana, haruffa kawai ake koya masa. Na dama kuma kowane da irin rubutunsa, tsofaffin suna bin ƙa'idar Fotugal, sababbin suna bin wata, har sunan harshen ma za ka gan shi iri-iri. Abin da ya cece ni shi ne wata takarda da 'yar Bab ta zauna ta rubuta mini da hannu, haruffan Nagari a layi ɗaya, takwarorinsu na Romi a gefe, da misali ɗaya-ɗaya. Shawarata ga ɗan boko ita ce ya fara da Romi domin bakinsa ya buɗe da wuri. Abu uku zai riƙe: x sautin sh ne, harafin da aka ninka kamar tt da dd da nn da ll ana naɗe harshe sama ne wajen faɗarsa, m a ƙarshen kalma kuma yawanci ta hanci ake fitar da ita, ba a rufe leɓe. Bayan wata biyu ko uku sai ya shiga Nagari, domin shi ne a allunan ofisoshi da takardun gwamnati, shi ne Google Translate yake fitarwa tun da aka saka harshen a 2022, kuma da shi zai karanta allon Hindi in ya fita jihar. Ka nemi ƙaramin ƙamus mai Turanci, da littafin tatsuniyoyi ɗaya daga cikin kwalin ƙarƙashin tebur, da jaridar mako. Duka ban kashe rupi 1,000 ba.

In maki ne, na ba kantin 7 cikin 10, na ba zaman sama 5, kuma da za a rage jawabin godiya da na ƙara ɗaya. Mai bincike kan harshe ko tarihi ya ware yini guda, ya zo da safe lokacin da Bab bai gaji ba. Mai neman tsaraba kawai rabin awa ta ishe shi.

Akwai masallatai a Margao, ka tambayi kowane ɗan acaɓa zai kai ka. Wajen abinci ka kula, gidajen cin abinci da yawa a unguwannin 'yan Katolika suna dafa alade, choris da sorpotel duk shi ne, kuma ba kullum ake rubutawa a fili ba. Ka nemi xitt koddi, shinkafa da miyar kifi mai kwakwa, ka ce a soya maka kifin daban.